Sikelin Albasar Kaka

Sanarwa daga bakin Babban Likitan Zuciya na Kwatano da kewaye: yau mun auna Nana, jaririyar gidanmu a Zongo!

An haife ta da huji a zuciya. Tana kama nono sai ta gaji, ta hau haki. A asibiti an ce sai ta ƙara nauyi za a yi mata aiki. Shi ne kakarmu, mai sayar da albasa a kasuwar Tokpa-Hoho, ta kwaso sikelinta zuwa gida.

Aka shimfiɗa zani a farantin, aka kwantar da Nana. Uwarta, Yaya Hadiza, ta rufe ido don tsoro. Tausayinta ya kama ni, na saka yatsa na ɗan danna farantin.

Kaka ko kallona ba ta yi ba.

"Maigida, cire yatsanka. Tun ba a haifi ubanka ba nake kama ɓarayin awo."

"Haba amarya, tallafi ne!"

"Cire, ja'iri!"

Na cire. Allurar ta ɗan dawo, amma ta tsaya gaba da inda Kaka ta ɗiga lalle wancan makon. Nana ta ƙaru da kanta! Yaya tana kuka tana dariya, Kaka ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa don kar yarinyar ta firgita.

Af, ba wani likita. Sabi'u ne mai zemijan, wato babur na haya, kawun Nana, ko lakwal, makarantar boko, ban taɓa shiga ba. Ku ajiye mata addu'a a nan ƙasa, ina karanta wa Yaya.