Jinin Yunusu Wanzami

Yunusu wanzami bai taɓa yarda da kowa ba, kuma a unguwarmu nan Tawa ba wanda ya tsira daga bakinsa. A shekarun da rediyo ya fara maganar sida, wato ƙanjamau, sai ya naɗa kansa alƙalin jini. Duk saurayin ƙasarmu ta Adar da ya dawo daga ciranin Abijan, Yunusu zai bi wuyansa da kallo ya ce ya rame. Ya lallaɓe shi ya kafa masa ƙaho a baya, ya juye jinin a ƙasa yana tonawa da tsinke. In ya yi ja, lafiya. In ya yi baƙi, kafin la'asar iyayen budurwar yaron sun ji labari. Na san auren da ya watse a kan wannan shirme, kuma har yau ina jin haushinsa.

Hannunsa kam yana da kyau, ko maƙiyinsa ya shaida. Askin suna, cire belu, kaciya, har daga garin Kalfu ake zuwa ɗaukarsa.

Ana nan sai haihuwa ta zo wa 'yarsa Zalika da gardama, jini ya ƙi tsayawa, aka kai ta gidan likita. Aka ce dangi su ba da jini. Yunusu ya riga kowa naɗe hannun riga, aka ɗiba. Can sai majo, wato babban ma'aikacin jinya, wani Attaher, ya fito ya ce a kawo wani mutum.

"Nawa hwa?" in ji Yunusu.

"Bai dace ba, Baba."

"Ɗiyata ta, ni na haihe ta. Ƙaƙa jinina ba ya dacewa da nata?"

"Hakan na faruwa. A dai kawo wani."

Kawunta ya bayar, Zalika ta tashi da ɗanta namiji.

A wancan lokacin jinin da za a ƙara wa marar lafiya ake aunawa, mai jinin kuwa ba a cika faɗa masa abin da aka gani ba. Yana iya zama jinin ne ba iri ɗaya ba, ko ciwon shawara, ko kuma waccan cutar. Yunusu ya san haka sarai. Ya koma neman majo, ya tarar ana yajin aiki. Ya sake komawa ya same shi, majon ya ƙi haɗa ido da shi, ya ce maganin awon ya ƙare, sai ko Yamai. Ko gajiya ce, ko ɓoye wani abu yake yi, Allah masani.

Daga nan zargi ya koma gida. Ya dubi matarsa Habi, ya dubi askarsa, ya tuna bayan mutane nawa ya zuƙa da bakinsa, ga yatsunsa duk yanka. Ya kafa wa kansa ƙaho a gwiwa, jinin ya fito ja wur, amma bai yarda ba. Na tausaya masa a kwanakin nan, duk da halinsa.

Ranar suna aka miƙo masa jikansa. Ya riƙe aska ya daɗe, sannan ya mayar da ita zabira, ya ce a kira wani wanzami. Mijin Zalika ma ɗan ciranin Abijan ne, mutanen kuma Yunusu ne ya koya musu fassara irin wannan. Mata suka fara janye yaransu daga ƙofar ɗakin mai jego. Zalika ta leƙo.

"Baba, mi munka yi maka?"

Ya san in ya yi shiru, shi ke nan gidan 'yarsa ya shiga bakin duniya. Ya miƙe ya ce, yadda kowa zai ji, "Ba jinin yaro nike tsoro ba. Nawa na anka ƙi a likita."

Tun daga ranar ba wanda ya sake kai masa kai. Ya koma sayar da goro a bakin tasha, ya tsufa, ya rasu bai san abin da aka gani a jininsa ba.