Gonar Wa Za a Fara Huɗewa

A zamaninmu, mai bincike da taɓo a takalmi ake gane shi. Yanzu a zaune ake yin bincike, fanka na kaɗawa, mutum bai taka ko'ina ba.

Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da wani reshe na lissafi wanda har yau ban samo masa sunan Hausa da ya gamshe ni ba. Idan mutanen Kankia suka tambaye ni, sai in ce ilimin tsara aiki ne: wa za a fara sallama a layin asibiti, wace hanya mota za ta bi ta raba kaya gari-gari ba tare da ɓarnar mai ba. A Ingila na koye shi, inda malaminmu ya kora mu tashar jiragen ruwa, muka yi ta kallon masu sauke kaya sanyi na cin kunnuwanmu. Na koyar da shi da Larabci a Sudan, na yi musu a kansa da Faransanci a Yamai. Duk inda na je, magana ɗaya ce: je ka ga aikin da idonka kafin ka ɗauki alƙalami.

Da na ajiye aiki na dawo gida, mutum ɗaya ce ta gaje ni a wannan fanni, 'yar ƙanwata, haifaffiyar Kusada, malama a jami'a. Ta daɗe a matsayi ɗaya, don ba a ƙara wa malami girma sai ya buga bincikensa a mujallun masana. Wata bazara ta same ni a zaure.

"Kawu, ka san yadda ake bin layin huɗa a garinmu?"

"Ke da kika gudu birni, ina kika san huɗa?"

"Ai kai ma, Kawu, Turancinka ya fi nomanka," in ji ta, tana dariya. Sannan ta zauna ta yi mini bayani.

Masu garmar shanu kaɗan ne, gonaki da yawa, danshi kuma ba ya jira. Mai shanu yakan fara da jigawa, don yashi saurin bushewa gare shi, ya bar ƙasa mai laka sai daga baya. Wannan kowane ɗalibina zai iya lissafa shi. Amma idan akwai matar da mijinta ya rasu, gonarta ake sawa a gaba komai nisanta. Gonar suruki ba a kai ta ƙarshe, ba a kuma fara ta, kada a yi da mutum. Kuma ba wanda ke zuwa ya ce yaushe za a zo tawa. Sai dai ka je gaisuwa da safe, ka tambayi lafiyar shanu, ka tafi. An gane.

Na karanta ƙa'idojin bin layi iri-iri a harsuna uku, ban taɓa ganin wadda aka sa kunya a cikinta ba. Na ce mata ta yi, wannan shi ne zai fito da ita.

Damina guda ta yi tana bin masu shanu, daga ƙauyukan Kusada har wajen Kafin Soli. Wani lokaci nakan raka ta, in zauna a gindin gawo tana can bakin kunya tana tambaya. Rabon da in ji ni malami ne kamar a waɗannan ranaku, har na manta.

Ta aika da aikin wata mujalla a ƙasar waje. Aka dawo mata da shi, wai gonakin sun yi kaɗan, ta ƙaro wasu damunan. Ban ga laifinsu ba. Da ni ne, haka zan ce. Sai dai kafin damina ta zagayo, satar shanu ta matso kusa. Wani dattijo da ta fi zama wurinsa ya ce mata, "Malama, gara in kai su kasuwa da hannuna da in wayi gari in iske turke ba komai." Ɗaya bayan ɗaya suka sayar.

Bayan wani lokaci ta kawo mini sabon aiki in duba mata. A kan wani katafaren ɗakin ajiyar kaya ne a Turai, alƙalumansa kuma daga intanet ta sauko da su, kamar yadda abokan aikinta ke yi.

"Kin taɓa ganin wurin nan?"

"Kawu, ko wanda zai duba takardar bai taɓa ganinsa ba."

"Huɗar fa?"

Ta gyara mayafi. "Wanda na koyar a aji shi ne shugaban sashenmu yanzu. Ni ke zuwa ofishinsa neman izini. In zauna jiran shanu su dawo?"

Na so in ba ta labarin tashar jiragen ruwa, sai na tuna ta sha jin sa. Na karanta aikin daga farko har ƙarshe ina neman kuskure, ban samu ko ɗaya ba. Na ce ta aika.

An buga shi, an ƙara mata girma. Ta kawo mini turare da hula, na sa mata albarka, kuma har zuciyata na sa.

Dattijon nan ya rasu bara. Yanzu ɗan ƙaramin injin huɗa ake haya, wanda ya riga buga waya shi ake fara yi wa, ko gonar wa ce. Ba wanda ke zuwa gaida shanu da safe a Kusada, kuma a cikin waɗanda suka karanta abin da na karanta, ba sauran mai zuwa gona ya tambaya.