Lorna da Kameliyar Bayan Kicin

Ranar 9 ga Yuni, 1998, da safe ana yayyafi, Lorna Treloar ta fara taka gandun Henk Zuidema, mai sayar da dashe a garin Monbulk. Ganye uku ta ciro daga aljihu ta ajiye masa. Duk sun yi rawaya, jijiyoyinsu kaɗai suka rage kore.

Shekararta sittin da bakwai a lokacin. Ta ƙare ƙuruciyarta tana tsinkar 'ya'yan itace a gonakin mutane, daga baya ta yi girki a makarantar firamare har ta yi ritaya. Ita da mijinta Col, direban motar dakon katako, ba su haihu ba. Shekarar aurensu ya dasa kameliya, wani itacen fure, a bayan kicin, yana ce mata babbar 'yarsu.

Henk ya juya ganyen yana neman ƙwari, bai ga ko ɗaya ba.

"Madam, wannan yunwa ce. Kameliya ƙasa mai tsami take so. Me kika ba ta?"

"Ruwa."

"Ruwa kawai? Ni ba ɗan sanda ba ne, faɗa mini."

"Tsoho, ka cika tambaya kamar surukar mutum."

Da yamma ya bi ta gida. Ya durƙusa ya tona gindin itacen da yatsa, sai ga fari-fari a cikin ƙasar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hularsa.

"Col ne," in ji ta. "Bara aka ƙona gawarsa. Shi ya ce a zuba shi nan, duka."

Henk bai ɓoye mata ba. Toka ta kashe tsamin ƙasar, ga gishiri, saiwa ta kasa jan abinci. Magani shi ne a kwashe ƙasar a zuba sabuwa da ruɓaɓɓen ganye, kuma ba jinkiri.

"A kwashe a kai ina?"

"Inda kike so."

"Shekara arba'in ina fama ya zauna a gida. Yanzu da ya zauna zan tashe shi?"

Ta gwada duk abin da ba ya bukatar shebur. Ta yi feshin magani mai sinadarin ƙarfe, ta zuba ganyen shayin da ta sha. Sabon toho kan yi kore ya sake koɗewa. Kowace safiya tana tsince busassun ganye, tana yi wa Col faɗa a hankali. Sau biyu ta ɗauko shebur, ta mayar.

Itacen ya bushe a bazara ta biyu. Ba ta bari an sare shi ba.

Henk ya riga ya yanki reshe tun ranar farko, ya kafa a tukunya. Da ya kawo mata, ta ce ya riƙe, ita ba ta da wurin wata 'ya.

Lorna ta rasu a watan Agusta, 2004. An zuba tokarta a gindin busasshen itacen, kamar yadda ta nema. An sayar da gidan, sababbin masu shi suka shimfiɗa siminti a wurin. Reshen yana bakin ƙofar gandun Henk, yana fure ja kowane hunturu.