Yadda Na Zama Ma'aikacin Kawuna

Ban taɓa sanin nawa ne albashina ba sai da na tashi neman aure. Na daɗe ina aiki a rumfar hatsin kawuna a Babbar Kasuwa. Ni ke buɗe sito, ni ke karɓar kuɗin 'yan sari, ni ke faɗa da 'yan dako idan sun yar da buhu ya fashe, amma ko sau ɗaya ba mu taɓa zama mun yanka wani adadi ba. Yayan mahaifiyata ne, shi ya ɗauke ni tun rasuwar mahaifina, a gidansa na Ƙofar 'Yandaka na girma. Idan wata ya yi nisa, ko ya lura takalmina ya fara buɗe baki, sai ya zura hannu a aljihun gaban riga, ya damƙo abin da ya damƙo, ya cusa mini yana kallon wani wuri. Ni kuma in durƙusa in yi godiya. Ba a ƙirga kyautar babba a gabansa, saboda haka sai na zaga bayan buhunan gero nake duba rabona. Wani watan in yi murmushi, wani watan in yi tsaki a hankali don kada buhunan su kai rahoto.

Rigimar daga Ƙofar Sauri ta taso. Wadda nake nema malamar firamare ce, mahaifinta kuwa tsohon ma'aikacin ofishin biyan albashi ne na ƙaramar hukuma, irin mutanen da ko lemo suka saya sai sun nemi rasit. Ya aiko yana son ganina kafin in turo manya. Na sha wanka na tafi, muka gaisa a zaure har na gaji da durƙuso, sannan ya gyara tabarau.

"Mi kake yi?"

"Ina kasuwa tare da Kawu, Baba."

"Tare da shi ko ƙarƙashinshi? Nawa kake ɗauka a wata?"

Na ce alhamdu lillahi, ana samun rufin asiri.

"Rufin asiri ba adadi ba ne," in ji shi. "Ɗiyata tana da takardar albashi, duk wata sai ta kawo mani na duba ko an cuce ta. Kai ma ka kawo mani taka ta wata ukku, sannan mu yi maganar manya."

Da zan fita ya ƙara da cewa akwai wani yaro ma'aikacin banki da ke ta aiko gaisuwa. Wannan kam na san takardunsa sun isa a yi shimfiɗa da su.

Na koma gida ina lissafi. In ba takarda, ba aure. Amma in dubi mutumin da ya yi mini kaciya, ya sa ni makaranta, in ce ya rubuta mini abin da yake biyana, ai daidai yake da in ce masa shi ba ubana ba ne, ubangidana ne. Bakina ba zai iya ba. Na gwada sau da yawa, da na buɗe baki sai in ji na tambaye shi farashin dawa a Jibiya.

Akwai rediyo rataye a ƙusa a rumfarmu, kuma akwai wani shiri da lauya ke amsa tambayoyin jama'a. Nan dabara ta zo mini. Na laɓe na tura saƙo ta waya, ranar shirin kuma na ƙure murya kamar ina son jin labarin duniya. Kuskurena ɗaya, na cika bayani. Mai gabatarwa ya karanto cewa ga tambaya daga wani bawan Allah da ke aiki a rumfar hatsin kawunsa a Babbar Kasuwa, yana kuma neman aure a Ƙofar Sauri. Sunana kawai na rage. Maƙwabcinmu mai wake ya ajiye tiyar awo ya leƙo. 'Yan dako suka daina ɗaga buhu. Ni kuwa na duƙufa ina ɗaure bakin wani buhu da tun safe yake a ɗaure.

Lauyan ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce dokar ƙwadago ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi bayanin aikinsa da ladansa a rubuce, nawa ne, yaushe ake biya, kuma dangantaka ba ta soke wannan. Ya ce abin da ya dace shi ne duk wata ma'aikaci ya ga abin da aka ba shi, in kuma an cire wani abu, to da dalili, a nuna masa.

Kawu bai dube ni ba. Ya tauna goronsa, ya haɗiye, sannan ya tambayi rediyon: "Ashe har cirewa ake yi?"

Washegari ya ce in ɗauko babur. Muka tafi shagon wata mai buga takardu a kwamfuta, ya zauna a benci ya harɗe, ya ce ta rubuta sunan rumfa da manyan baƙi. Da aka zo kan albashi sai ya faɗi wani adadi da ya sa ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa. Ni kaina ban zaci zai kai haka yawa ba. Na gane dalili daga baya: takardar gidan surukai za ta, kuma Kawu ba zai yarda a ce a Ƙofar Sauri rumfarsa ba ta biya da kyau ba. A raina har na fara zaɓen kalar fentin ɗaki.

"To ɗiyata," ya ce mata, "yanzu buɗe mani wurin cirewa."

Kokon safe da ƙosai. Abincin rana da ake kawowa daga gida. Tuwon dare, da ƙarin da nake nema. Hayar ɗakin zaure. Wuta, har da cajin waya. Man babur. Ɗinkin sallah, a raba shi bisa watanni. Sabulu. Buhun masarar da ya fashe a hannun ɗan dako ina tsaye ina kallo. Yana faɗa yana lumshe ido don kada ya manta wani abu, mai kwamfuta tana bugawa kafaɗunta na rawa. Na ce, "Kawu, lauyan fa cewa ya yi da dalili." Ya ce, "Wane dalili ya hi tuwo? Ba ka ci ba?" Abin da ya rage a ƙasan takardar bai kai abin da nake samu a watan tsaki ba. Ya danna hatimi, ya sa hannu da ajami, ya miƙo mini da hannu biyu.

Daga ranar na zama "Malam ma'aikaci". Haka yake kirana a rumfa, haka a gida, har matarsa ta ɗauka. In na makara ya dubi agogo. Ƙarshen wata ya ba ni ambulan, na tafi zan durƙusa ya ce, "A'a, ma'aikaci ba ya durƙuso. Sa hannu nan." 'Yan kasuwa suna ta dariya, ni ma ina taya su, amma gaskiya abin ya yi mini ciwo. Na fi jin zafin wannan fiye da kuɗin tuwon.

Da takardu uku suka cika na kai wa Baba a Ƙofar Sauri. Ya fara karantawa daga ƙasa, yadda ƙwararru ke yi, sannan ya haura sama. Ya ɗauko biro ya bi lissafin layi-layi. Da ya zo kan ƙarin tuwo sai na ga gemunsa yana motsi.

"Lissahi ya hita daidai," ya ce. "Wanga na ƙasa ko kaza ba ya riƙewa. Amma in ka yi aure ka bar zauren, layin haya ya hwaɗi, layin koko da na tuwo su bi shi. Abin da za ya rage ya isa mutum biyu in ba a ƙarin tuwo." Ya ninke takardun ya sa a aljihu. "Turo manya."

Manyan nawa kuwa mutum ɗaya ne, Kawu. Na same shi bayan la'asar na yi ta kewaye-kewaye. Ya ce shi bai san doka ta ɗora wa mai rumfa nema wa ma'aikaci aure ba, ko in sake tambayar lauyana. Ya bar ni ina ta zufa har aka kira magariba. Ranar ɗaurin aure kuma tun kafin in tashi ya riga ya sha babbar rigarsa, yana faɗa wai za a makarar da shi. Shi ya karɓa mini aure, shi ya zaro sadaki daga aljihunsa ya ajiye a gaban jama'a, lakadan.

Ni dai tun a wurin ɗaurin auren hankalina bai kwanta ba, don na san hannun da ya rubuta sabulu ba zai manta sadaki ba. Na yi ta lissafin wata nawa zan yi ana cire mini shi kashi-kashi. Har na gaya wa amarya ta shirya, albashinta ne zai riƙe mu zuwa baɗi.

Ƙarshen wata ya miƙo ambulan a rumfa, na buɗe a gabansa tunda ma'aikaci yana da wannan damar. Haya ta fita, koko da tuwo sun fita. Man babur yana nan, abincin rana yana nan, har da wani sabon buhu da ban ma san ya fashe ba. Na bi layukan sau biyu, na juya bayan takardar.

"Kawu, an manta wani layi."

"Wane?"

"Sadaki."

Bai ɗago daga awon da yake yi ba. Ya share bakin tiya da tafin hannu, ya juye a buhu.

"Ma'aikaci ake cire mawa," ya ce. "Ni ɗana na yi ma aure."

Na tsaya riƙe da biro, idona ya cika har na kasa ganin inda ake sa hannun. Ya ce in yi sauri, ga mai sayen dawa can yana jira.