Ƙofa Ɗaya Muka Bari

Ranar sunan jikana ce. Ana sallame asuba na hura wutar ruwan wankan jego, na ɗora kunun kanwa. Saude, ɗiyata ta fari, gida ta dawo haihuwa kamar yadda ake yi, ta sami ɗa namiji. Tana zaune bisa tabarma tana mita wai ruwan ya cika zafi. Na ce mata ko za ta yi kukan jini sai ta yi wankan nan.

Garinmu ƙarami ne, yamma da Nasarawa Burkullu, kuma muna da ganuwa. Ba ta kakanni ba ce. Mu muka gina ta, bayan ɓarayin daji sun kwashe mana shanu sun bi mutane har gona sun kashe. Maza suka haƙa rami kewaye da gari, suka cika shi da ƙaya. Mu mata muka yi ta jidar ruwa daga gulbi har wuyanmu ya sage. Ƙofa ɗaya aka bari, 'yar siririya, da gungume a gicciye, don kada babur ya shiga. Ɓarayi a kan babur suke zuwa. Kowa ya yaba dabarar nan, har da ni.

Gari na wayewa dangin Sani, mijin Saude, suka fara isowa daga wajen Gummi. Bibiyu, uku-uku a kan babur, sun naɗe fuska da rawani saboda sanyin safiya. Wasu da bindigar toka a kafaɗa, don ba mai bin hanyar nan hannu sake. Babur ba ya shiga, sai suka jibge su a bakin ƙofa. Nan waje aka shimfiɗa wa maza tabarmi. Maigidana Malam Umaru ya fita da ƙwaryar goro.

Wajen ƙarfe bakwai muka ji ƙara daga kudu, can hayin gulbi, inda ɓarayin suka yi daba a kan tsauni. Dum. Aka jima kaɗan, dum. Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin. Wani ya ce jirgin yaƙi ne. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni ma na yi, har maƙogwarona ya yi zafi. Shekaru muna roƙon a zo a yi mana maganinsu.

Sai jirgin ya juyo wajenmu. Samarin da ke tsaron ganuwa suka miƙe tsaye a kanta, suna ɗaga masa bindigogi, suna jinjina. Ya wuce ƙasa-ƙasa, ƙararsa ta tsorata kaji. Ya yi nisa har muka daina jinsa. Na koma juya kunu.

Da ya dawo ban ji ƙararsa ba. Ƙasa ce ta buge ni. Na farka kwance, kunu ya kife mini a ƙafa, kunnena na shuu. A bakin ƙofa abin ya faɗa, kan tabarmin maza. Tankunan babura suka shiga fashewa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin kaka ne, kowane gida cike da kara da dammunan gero. Wuta ta kama jinka, ta tsallaka ta gaba.

Na shiga ɗaki na sure jinjirin na goya. Na fizgo hannun Saude. Muka fita, gari duk ya nufi ƙofa, don wata hanyar babu. Ƙofar kuwa wuta ce. Na gaba suna ja da baya, na baya suna turawa. Na ga tsohuwa ta faɗi, aka bi ta kanta. Ban tsaya ba.

Jirgin ya sake zagayowa, wannan karon da harbi, kamar ana yayyaga sabon yadi. Wani namiji ya yi ihu: "Ku koma baya! Ku tsallake ganuwa!"

Ganuwar ta fi tsawon mutum. Mu muka ce a ƙara mata tsawo. Muka mirgino turmi muka kifa. Na hau da yaro a baya, na ja Saude sama. Ƙasa ramin ƙaya ne. Na runtse ido na dira da gaba don kada in danne shi. Ƙaya ta shige ni tun daga tafin hannu har cinya. Saude ta diro bayana. Mai jego ce, ɗanyen jiki. Na ji ta yi wata 'yar ƙara, ba mai ƙarfi ba.

Muka kutsa cikin dawa, ba a riga an yanke ta ba. Da hantsi na waiwaya na ga zanenta ya jiƙe har ƙasa. Tana taka jininta. Ta zauna ta ce, "Inna, tahi da shi." Na zage ta. Wallahi na zage ta, zagin da ban taɓa yi mata ba. Na ce ta tashi ko in ci mata mutunci. Ta tashi.

Rana ta take muka iso wata ruga. Wata dattijuwar Bafulatana ta dube mu, ba ta tambaye mu komai ba. Ta ba Saude ruwa, ta sa ɗanta ya ɗaura amalanken shanu. Muka kwantar da ita a ciki, na kara mata yaron a ƙirji ya sha. Shanu ba su san sauri ba. Na yi ta bin amalanken a ƙasa ina kiranta, tana amsawa. Bayan azahar ta daina amsawa. Kafin la'asar Saude ta cika, a gindin wata tsamiya, muna hango rufin kwanon Bukkuyum. Sai da na ɓamɓare yatsunta daga jikin yaron.

Washegari a gidan da aka sauke mu wani ya kunna rediyo. Aka ce an ragargaza sansanin ɓarayi biyu, an ƙone baburansu. Na biyun garinmu ne. Ɓarayin da suka tsira kuwa sun shiga garin da maraice ta inda ganuwa ta rushe, suka kwashe abin da wuta ta rage. Har yau ba wanda ya zo ya ce mana sannu. Ban yafe ba, kuma kada wanda ya ce in yafe.

Waɗanda muka rasa: Malam Umaru. Sani da ƙannensa biyu. Liman. Saude. A wurinmu uba ba ya faɗin sunan ɗa sai ya raɗa wa liman a kunne ranar suna, liman ya shelanta. Su biyun a tabarma ɗaya suke zaune, kuma ba a kai ga shela ba. Wani malami a nan Bukkuyum ya sa wa yaron Muhammadu. Yanzu yana rarrafe. In an kira, yana waiwayowa.