Dokta Abdussamad Mati Bakori da Kwalabensa Shida

An haifi Abdussamad a garin Bakori a shekarar 1946. Mahaifinsa shi ne Malam Mati marini, mahaifiyarsa kuwa Hajjo, mutuniyar Kafur.

Karatunsa

Ya shiga firamare a 1953, ya yi sakandare a Katsina, sa'an nan ya kammala digiri a fannin kimiyyar sinadarai a Zariya a 1970. Tun yana ƙarami a karofin mahaifinsa yake mamakin kumfar da ke tasowa daga rijiyar baban rini, kuma wannan tambaya ce ta zama aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Aurensa

A 1972 ya auri Lauratu, 'yar Malam Buba na Malumfashi.

Bincikensa

Ya koyar a Zariya daga 1973, ya sami digirin dokta a 1978. Ya duƙufa a kan ƙwayoyin halitta da ke zaune a gindin rijiyar baba, waɗanda ke fitar da iskar haidirojin ta hanyar wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe a tsakiyarsa. Muradinsa shi ne ya haska wannan sinadari da wata na'ura mai auna girgizar ƙarfen da abin da ke riƙe da shi, domin a fahimci yadda yake aiki. Sharaɗin aikin guda ne: da zarar iska ta taɓa sinadarin, ya lalace.

Shekara huɗu ya yi yana tacewa kafin ya tara kwalabe shida. A 1984 wata cibiya a ƙasar Holan, wadda ke da irin na'urar, ta ba shi gurbin aiki na wata uku, sau ɗaya tak.

Ranar Juma'a kafin tafiyarsa ya biya Bakori domin sallama da mahaifiyarsa. Ya ajiye kwalaben cikin ƙanƙara a ɗakin yayansa Mudi, wanda ya gaji karofin, ya tafi gaisuwar mutuwa Funtuwa. Da Mudi ya ji labarin cewa daga rijiyarsu abin ya fito, sai ya buɗe ɗaya ya sansana, ya ji warin baba da ya kwanta, wato ƙarfinsa ya ragu. Bisa ƙa'idar marina, ya zuba wa dukkansu ruwan toka, ya motsa su da tsinke.

Da ƙanensa ya dawo, Mudi ya tare shi da murna ya ce, “Malam, na tarar da kayanka suna barci, na tashe su.”

Abdussamad ya dubi kwalaben, ya ce, “Yaya, aikin marini ka yi. Ni ne ban yi na malami ba, da ban gaya maka ba.”

Ya rubuta wa cibiyar cewa kuskuren nasa ne, aka ba wani gurbinsa.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya sake aikin daga tushe, kuma Mudi da kansa ne yake ɗebo masa laka daga rijiyar, a rufe. A 1987 kwalabe shida suka sake cika, amma amsar takardar neman sabon gurbi ba ta riske shi ba.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Talata, 8 ga Maris, 1988, bayan jinyar ciwon hanta. An yi masa sutura a Bakori, kusa da kabarin mahaifinsa. Ya bar matarsa Lauratu da 'ya'ya huɗu: Ummaru, Shafa'atu, Mati da Hajjo.

Sababbin kwalaben suna ɗakin Mudi. An shaida masa cewa ba tare da ƙanƙara ba sun riga sun lalace, amma har yau bai yarda kowa ya buɗe su ba. Allah Ya jiƙan Abdussamad da rahama.