Igiyar da Arɗo Hamman Ya Bari

Arɗo Hamman ɗan Hamidu, shugaban ƙungiyar makiyayan Rafin Marke, ya rasu da hantsin Talata, 12 ga Afrilu, 1994, a rugarsa da ke tsakanin Tudun Wada da Falgore, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Shekararsa hamsin da takwas. An yi masa sutura bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ƙidaya sahu goma sha huɗu a sallar jana'izarsa. Fiye da rabin waɗanda suka tsaya manoma ne, wasu daga Yako, wasu tun daga Riruwai, mutanen da ba su da ko akuya a wannan daji. Da muka juyo daga maƙabarta sai na kama kaina ina lissafin sahu nawa za a yi a tawa. Na nemi gafarar Allah, amma ba zan ɓoye ba, domin da wannan halin na zauna da mamacin tun muna yara.

Ni ne sakataren ƙungiyar, kuma taubashinsa. Mahaifiyarsa da mahaifina ciki ɗaya suka fito. Arɗo, tun da kai ba ka nan balle ka katse ni da dariya kamar yadda ka saba, bari in faɗi abin da ban faɗa maka ba kana raye: na yi ƙyashinka shekara da shekaru, kuma kusan duk abin da na yi ƙyashinsa ka cancance shi.

Ranar da aka kai ni makarantar boko, mahaifina ya miƙa maka sandar kiwonsa a gaban idona. Ya ce shanu sun fi jin muryarka. Na tafi na yi karatu, na yi shekara goma sha bakwai ina aikin jarida a Kaduna, na dawo gida a 1983 da akwati biyu na littattafai, ina ganin lokacina ya yi. A shekarar ce ciwon bushiya ya ratsa garkunanmu, ga kuma fari. Gandun dajin Falgore ba wurin kiwo ba ne, doka ta hana. Ta arewa kuma mutanen da ruwan madatsar Tiga ya cinye wa garuruwa sun zauna a Unguwar Tudu, suna buɗe sababbin gonaki kowace damina. Ruga arba'in da ɗaya ta dogara da fili guda na kiwo a bakin Rafin Marke, da burtali guda da shanu ke bi su isa can. Ni na fara cewa a kafa ƙungiya. Ni na rubuta tsarinta.

Da aka zo zaɓen shugaba a gindin babban marken da ke bakin rafi, dattawa suka ce a yi yadda aka gada: kowane mai ruga ya ajiye sandarsa a gaban wanda yake so. Sanda talatin da huɗu ta taru a gabanka. Bakwai a gabana, biyar daga ciki na gidanmu ne. Ka leƙo ka ce, "Akawu, kar ka ɓata rai. Bakwai ma ai garke ne." Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga ranar ba ka sake kirana Sunusi ba.

Wasiƙa ashirin da uku na rubuta kafin hukuma ta yarda ta aiko mai awo ya shata mana burtali. Ya iso a watan Fabrairun 1986, lokacin kana kudu da shanu wajen kiwon rani. Tafiyar kwana uku ce da an aika maka. Ban aika ba. Ina so a ce wannan aikin, ko da shi kaɗai ne, ni na yi shi daga farko har ƙarshe. Na shige gaba, mai awo yana bina, na ratsa da shi ta tsakiyar fadama, wadda a lokacin ta bushe ƙayau har ƙasa ta tsattsage. Hanya miƙaƙƙiya, babu gonar kowa a kanta. Aka kafa turakun siminti sittin, aka zana taswira, aka buga hatimi. Mutumin ba shi da laifi. Inda na nuna masa nan ya auna.

Duk wanda ya taɓa kora shanu damina ɗaya a wurin nan ya san abin da ban sani ba. A watan Agusta ruwa ya kai ƙirjin saniya a fadamar, turakuna suka nutse, laka ta riƙe karsana biyu har suka mutu. Sauran shanun suka haura tudu da kansu, suka faɗa gonakin dawa tara na mutanen Unguwar Tudu. Aka sari wani makiyayi a kafaɗa, aka ƙona bukka uku. Mai unguwarsu, Malam Maikano, ya aiko da magana: "An tashe mu sau ɗaya saboda ruwa. Ba za a sake tashinmu saboda saniya ba."

Washegari da safe ka tafi wurinsu. Ka bar sandarka a gida, abin da ban taɓa ganin ka yi ba. Dangwali kaɗai ka rataya a kafaɗa, doguwar igiyar nan da ake ɗaure 'yan maruƙa a jikinta idan za a yi tatsa. Na bi ka a baya, don kunya ba don jarunta ba. A ƙofar masallacinsu wani ya tashi ya ce a faɗa musu wane ne ya nuna wa mai awo hanyar da ko jaki ba zai bi ba. Ina tsaye a wurin. Ka ce, "Mu ne. Ƙungiya ce ta nuna, ni ne shugabanta. Ku zage ni ku huce, sannan mu tashi mu duba ƙasa."

Ka rufa mini asiri a gaban mutum ɗari, kuma wannan ne abin da ya fi yi mini nauyi a cikin dukan alherinka. Da ka tona ni, da na sami dalilin jin haushinka.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi a ƙasar nan, amma ya kamata a rubuta shi daidai. Ka sa aka kawo tsohuwar saniyarka mai karyayyen ƙaho, aka sake ta a bakin ruga, ka ce kowa ya bi ta, kar wanda ya kora. Ta kama gefen tudu, inda ƙasa ke da tauri, tana kauce wa laka, har ta sauka filin kiwo. Ka ba Malam Maikano bakin dangwali ɗaya, ka riƙe ɗaya, kuka riƙa aunawa: igiya uku faɗin burtali, babu ƙari babu ragi. Ana aunawa ana dasa cini-da-zugu a gefe biyu. Duk manomin da burtali ya ci masa gona, a gonarsa shanu za su fara sauka bayan girbi, su kwana ashirin suna zuba masa taki. Aka yi fatiha aka watse. Ba a rubuta ko harafi ba.

Rafin Marke yana cin gaɓarsa kowace shekara, saboda haka burtalin ma yake matsawa. Shi ya sa kowace shekara, kafin shukar fari, ku biyu kuke sake zagayawa da igiyar. Sau bakwai na bi ku da littafina ina rubuta awo, kuma babu shekarar da awon ya dace da na bara. Na matsa maka a mayar da yarjejeniyar kan takarda. Ka ce, "Rubuta mana, Akawu. Amma ka yi kwafi biyu, ka kai wa rafin ɗaya, don shi ne ba ya jin magana." Tun daga 1986 ba a sake zubar da jinin kowa a kan wannan hanya ba. Mutane suna kiranta Burtalin Hamman. Turakuna sittin suna nan a fadama, mata suna shanya wanki a kansu da rani.

Ba burtali kaɗai za a tuna ka da shi ba. Asibi, matar marigayi Bala, bushiya ta bar ta da marayu huɗu da igiya babu saniya. Ka kora mata karsana biyu ka ce aro ne, in sun haihu sau uku a mayar. Sun haihu sau shida, kuma duk lokacin da ta yi zancen mayarwa sai ka ce garkenka ya cika, ba wurin ɗaure su. Ranar Talata da ka rasu, a bakin zanan gidanka ta wuni. Haka kuma da aka kama wasu makiyaya biyu sun shiga gandun daji da shanu, ni na rubuta takardar neman afuwa mai shafi uku, kai kuwa ka je ka zauna a ƙofar ofishin tun safe har la'asar, kana gaida duk mai shiga da fita. Da aka sake su, rugarka suka wuce yin godiya. Na ji zafin wannan ma, ko da yake na san zamanka ne ya fito da su.

A 1988 na rubuta labarin sulhun nan a jarida. Sunana ya fito sau huɗu, naka sau ɗaya, a sakin layi na ƙarshe. Na karanta maka ina satar kallon fuskarka. Ka saurara har ƙarshe, ka ce, "Ya yi kyau ƙwarai. Amma saniyar fa? Ita ta yi aikin, ba ka ko gaishe ta ba." Jiya mai ɗakinka Baturiya ta aiko mini da wannan shafin. A ƙasan akwatinka aka same shi, naɗe cikin ƙyalle, alhali ba ka karanta boko.

Yanzu ga inda muke. Hadari ya fara haɗuwa, manoma sun gama sharar gona, shanu suna hanyar dawowa daga kudu, kuma ba a zagaya da igiya bana ba. Takarda ɗaya tak hukuma ta sani a kan wannan burtali, ita ce taswirata, wadda ta jefa shanu cikin fadama. Wasu daga cikin masu gonaki a Unguwar Tudu sun fara cewa a koma kanta, tun da ta bar musu tudun gaba ɗaya, kuma doka tana bayansu. In aka yi haka, ruga arba'in da ɗaya ba ta da hanyar zuwa kiwo a watan Agusta.

Malam Maikano ya zo gaisuwa ranar uku, yana dogara sanda. Bayan addu'a ya juyo gare ni a gaban dattawa. "Sakatare," in ji shi, "ni da Arɗo na yi alkawari, da igiyar da ke hannunsa. Wanda Arɗo ya ce ya riƙe ta bayansa, zan kama masa ɗaya bakin, ko 'ya'yana sun so ko sun ƙi. In kuwa bai ce kowa ba, to ba ni da bakin hana su. Sai mu koma takardarka." Ya ɗan dakata a kan kalmar ƙarshe. A nan na gane cewa tun ranar ƙofar masallaci ya san wanda ya nuna hanyar, shi ma ya yi shiru shekara takwas, don kai ka yi.

Allah Ya jiƙan Arɗo Hamman, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa kamar yadda ya yalwata wa bayin Allah da dabbobinsu hanya. Allah Ya sa abin da ya rufa wa mutane a duniya ya zama sutura gare shi ranar tsayuwa. Ni kuma Allah Ya yafe mini abin da na riƙe a zuciya game da shi. Ina miƙa ta'aziyya ga Baturiya, da 'ya'yansa Safiya, Garzali da Halima, da ƙanensa Jibrin, da makiyayan Rafin Marke, da Malam Maikano da jama'ar Unguwar Tudu, waɗanda rashin ya shafa daidai da mu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Saura magana ɗaya. Baturiya ta shaida wa dattawa, daga bayan zana inda take takaba, cewa ka bar wasiyya a kan igiyar tun watan Disamba. Ga abin da ta ce ka faɗa: "In ta Allah ta kasance, a ba Akawu. Shi kaɗai ya taɓa ɓata hanyar nan, ba wanda zai kai shi tsoron sake ɓata ta." Dattawa sun ce sai an sami shaida na biyu. Mutum ɗaya ne yake wurin ban da ita, shi ne Jibrin, wanda ya tafi da shanu wajen Lere washegarin ranar da ka yi wasiyyar. An aika masa ta hannun wani direba tun ranar Laraba.

Zuwa safiyar yau Litinin da nake rufe wannan rubutu, Jibrin bai iso ba, kuma igiyar tana rataye a ɗakin Baturiya.